Ido Ba Mudu Ba: Yadda Ake Koya Wa Masana Kimiyya Auna Hotunan Madubin Likita Da Kwamfuta

 

Kwanakin baya a wajen wani taron suna da muka yi a nan Ingila, wani dattijonmu ya jawo ni gefe ya ce, "Injiniya, yau dai sai ka warware mini wani abu. An ce kai lantarki ka karanta, amma duk sanda na tambayi yaranka ina babansu, sai su ce kana can kana koyar da likitoci. To me ya haɗa kifi da kaska?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san aikin likita ba balle in koyar da shi. Awo nake koya musu." Ya ce, "Awo kuma, irin na 'yan Dawanau?" Na ce, "Kusan haka ne, sai dai su hatsi suke aunawa, mu kuwa abin da ido ba ya gani." Kafin in ƙarasa aka kira mu cin abinci, shi ya sa na yi masa alkawarin zan rubuta bayanin a nan, domin shi da sauran iyaye, musamman waɗanda 'ya'yansu ke shirin shiga jami'a.

Ni dai na zo ƙasar nan karatun injiniyan lantarki ne a farkon shekarun 1990, daga baya na karkata ga fannin sarrafa hotuna da kwamfuta. Yau sama da shekara 20 ke nan ina aiki a wata cibiyar binciken lafiya, inda rabin aikina kula da na'urori ne, rabi kuma koya wa masu bincike yadda za su fitar da lissafi mai inganci daga hotunan da suka ɗauka.

Daga ido zuwa kwamfuta

Madubin likita, wanda wasu ke kira maikiroskof, shi ne na'urar nan da ake ɗora ɗan gilashi mai ɗigon jini a ƙarƙashinta a leƙa. Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin zazzaɓin cizon sauro a asibiti ya ga irinta. Ta daɗe a duniya. A shekarar 1665 Robert Hooke na Ingila ya buga littafinsa Micrographia, cike da zanen abubuwan da ya gani a cikinta, kuma da hannu ya zana su. A shekarar 1880 wani likitan soja Bafaranshe, Alphonse Laveran, ya fara ganin ƙwayar cutar maleriya a jinin maras lafiya a garin Constantine na Aljeriya. Su duka da ido suka gani, da alƙalami suka rubuta.

Har yau ma ido yana aiki. A tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar, ma'aikacin ɗakin gwaji zai rina jinin, ya leƙa, ya riƙa ƙirga ƙwayoyin maleriya yana kuma ƙirga fararen ƙwayoyin jini har su kai 200, wani lokaci 500. Daga nan sai ya yi lissafi bisa ɗaukar cewa akwai fararen ƙwayoyi 8,000 a kowace maikirolita ta jini. Alal misali, idan ya ga ƙwayoyin cuta 400 a kan fararen ƙwayoyi 200, to amsar ita ce 16,000 a maikirolita ɗaya. Aiki ne na ƙwararru, amma yana cin lokaci, ido yana gajiya, kuma mutum biyu kan duba gilashi ɗaya su fito da adadi daban.

To, a ɗakunan bincike na yanzu abin ya wuce nan. Akwai wani ɗan faranti da ake gwajin magunguna da shi mai ramuka 384, kowane rami da ƙwayoyin halitta da irin maganin da aka zuba masa. Idan madubi mai kyamara ya ɗauki hoto huɗu kacal a kowane rami, an sami hoto 1,536 ke nan daga faranti ɗaya, kowane hoto kuma da ɗaruruwan ƙwayoyi. Na'urar za ta gama wannan kafin gari ya waye, amma babu ɗalibin da zai zauna ya ƙirga su da ido. Dole kwamfuta ta shigo. Matsalar ita ce yawancin masu binciken ilimin halittu da haɗa magunguna suka karanta, babu wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu mene ne hoto a wajen kwamfuta. Wannan giɓin ne irina muke cikewa.

Hoto lambobi ne

Darasin farko da nake fara kowane horo da shi ke nan. Mai karatu ya ɗauki hularsa ta ɗinkin hannu ya duba. Daga nesa zane zai gani, amma in ya matso da ita kusa da ido sai ya ga ashe ɗinki ne ƙanana a jere, ɗaya bayan ɗaya. Haka hoton kwamfuta yake. Ɗige-ɗige ne a jere, kuma kowane ɗigo lamba ce da ke nuna yawan hasken da ya faɗa a wannan wuri. Kyamarar da muke yawan amfani da ita tana da ɗigo 2,048 a tsaye, 2,048 a kwance, wato sama da ɗigo miliyan 4 a hoto ɗaya.

A hoto na yau da kullum, kowane ɗigo yana ɗaukar lamba daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat. Kyamarar bincike kuwa tana iya rarrabe haske daga 0 har zuwa 65,535. Allon kwamfuta ba ya iya nuna duk wannan bambanci, ido ma ba ya iya gane shi, saboda haka abin da mutum ke kallo a allo wani yanki ne kawai na abin da ke cikin fayil ɗin. Hatta launukan nan masu ban sha'awa, kore da ja da shuɗi, da ake gani a hotunan ƙwayoyin halitta a jaridu, yawancinsu kyamarar baƙi da fari ce ta ɗauka, daga baya kwamfuta ta shafa musu launi don a bambanta su.

Sannan ido yana da wata ɗabi'a, ba ya auna haske shi kaɗai sai ya gwada shi da na kusa da shi. Yadi mai ruwan toka in aka ajiye shi kusa da baƙi sai ya yi haske, in aka kai shi kusa da fari sai ya yi duhu, alhali yadi ɗaya ne. Akwai wani zane da Edward Adelson na jami'ar MIT ta Amurka ya fitar a 1995, mai kama da allon dara na Turawa da inuwa a kansa, inda gida biyu suke da launi iri ɗaya sak amma kowa zai rantse ɗaya ya fi ɗaya duhu. Nakan nuna wa ɗalibai shi, in bar su su yi ta musu, sannan in ce su ɗora linzamin kwamfuta a kan kowane gida su karanta lambar. Sai ɗaki ya yi tsit. A nan nake fassara musu karin maganarmu cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ce musu a wannan aiki ana buƙatar mudun, ana kuma buƙatar idon.

Manhajojin da ake aiki da su

Abin farin ciki shi ne manyan manhajojin wannan fanni kyauta ne. Uwarsu ita ce ImageJ, wadda Wayne Rasband na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa da ke Bethesda a Amurka ya rubuta. Ya fara da wata mai suna NIH Image a 1987, sannan ya fitar da ImageJ a 1997, ya bar ta a buɗe kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ƙara mata abin da yake so. Daga baya wasu masu bincike a Turai, ciki har da Johannes Schindelin, suka tattara ImageJ da ɗimbin ƙarin kayan aiki a ƙunshi ɗaya suka sa masa suna Fiji, suka wallafa bayaninsa a 2012. Sunan ba shi da alaƙa da ƙasar Fiji. Da ita muke fara koyarwa.

Akwai CellProfiler, wadda Anne Carpenter da Thouis Jones suka ƙirƙiro a Amurka, aka wallafa bayaninta a 2006. An yi ta ne domin irin farantin nan mai ramuka da yawa, inda mutum zai tsara matakai sau ɗaya ta bi dubban hotuna da su. Akwai kuma QuPath, wadda Pete Bankhead ya fara a jami'ar Queen's da ke Belfast, ta fito a 2016. Ita ta ƙware ne a hotunan yankan tsoka, irin wanda ake cirowa a jikin mai ciwon daji a duba. Irin wannan hoto guda ɗaya kan kai ɗigo 100,000 a kowane gefe, wanda manhajar hoto ta gida ko buɗe shi ba za ta iya ba.

Da yake kayan aikin sun yawaita amma masu koyarwa sun yi ƙaranci, sai masana a Turai suka kafa wata haɗaka mai suna NEUBIAS, wadda ta sami tallafin Tarayyar Turai daga 2016 zuwa 2020, ta riƙa shirya makarantun horo a ƙasashe daban-daban. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen sa jami'o'i su gane cewa nazarin hoto sana'a ce mai zaman kanta, ba aikin da za a jefa wa duk ɗalibin da aka ga yana son kwamfuta ba.

Yadda darasin yake tafiya

Horon da muke yi na kwana uku ne, mutum 15 zuwa 20, kowa da kwamfutarsa. Akan sami ɗaliban digirin digirgir, da likitoci masu bincike, wani lokaci har da farfesa mai furfura. Aikin da muke fara ba su shi ne ƙirga ƙwayoyin halitta a hoto ɗaya da auna girman kowace. Ga matakan a taƙaice.

Na farko, a tabbatar da ma'auni. Kwamfuta ɗigo ta sani, ba ta san mita ba. Sai an gaya mata faɗin ɗigo ɗaya a zahiri, a maikiromita, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Jar ƙwayar jinin mutum faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne.

Na biyu, a share dusar baya. Hasken madubi yakan fi ƙarfi a tsakiyar hoto ya raunana a gefe, kuma kyamara tana da ɗan ƙurar lantarki irin tata. In ba a daidaita wannan ba, ƙwayoyin gefe za su zama kamar sun fi na tsakiya duhu alhali ba haka ba ne.

Na uku, a shata iyaka. Ana zaɓar wata lamba a ce duk ɗigon da ya haura ta ƙwaya ce, duk wanda ya gaza ta fili ne. Wannan kamar zaɓen rariya ne wajen tankaɗe. In idanunta sun yi faɗi, tsaki zai bi gari. In sun yi ƙanƙanta, garin ma zai maƙale. Akwai dabarun da kwamfuta ke zaɓar lambar da kanta, mafi shahara ita ce ta wani masani ɗan Japan, Nobuyuki Otsu, da ya wallafa a 1979, wadda ke raba ɗige-ɗigen gida biyu ta yadda 'yan kowane gida za su fi kama da juna. Tana aiki sosai, amma ba a kowane hoto ba.

Na huɗu, a raba waɗanda suka manne. Ƙwaya biyu da suka jingina da juna kwamfuta za ta ƙirga su ɗaya, kamar gyaɗa mai 'ya'ya biyu a kwanso ɗaya. Dabarar da ake bi tana kama da kududdufi biyu a damina. Kowane yana cika daga tsakiyarsa, ruwa yana hawa, to daidai inda ruwan wannan zai haɗu da na wancan sai a ja layi. Nan ne iyakarsu.

Na biyar, a auna: adadi, faɗi, siffa, da ƙarfin haske. Kwamfuta za ta jero su a tebur cikin ƙiftawar ido.

Na shida, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa, a mayar da layukan da kwamfuta ta zana a kan hoton asali a duba da ido. Shin abin da ta kewaye ƙwaya ce, ko datti ne a kan gilashi? Manhaja ba ta taɓa cewa ban sani ba. Ko hoton bango ka ba ta, za ta ba ka adadi har da ɗigo da lambobi uku a bayansa.

A rana ta biyu sai mu koya musu rubuta waɗannan matakai a matsayin jerin umarni, yadda kwamfuta za ta maimaita su a kan kowane hoto ba tare da bambanci ba. Nan ne tsoro yake kama mutane, don da yawa ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya na umarnin kwamfuta ba. Amma Fiji tana da wani sashe da ke rubuta duk abin da mutum ya latsa, sai ya zama gyara kawai za a yi. Amfanin wannan ya wuce sauri. Mai awon da ke sayen hatsi da mudu ɗaya ya sayar da wani mudun, kowa ya san sunansa a kasuwa. Mai binciken da ya zaɓi iyaka da hannu a hotunan da aka sa wa magani, ya zaɓi wata a waɗanda ba a sa wa ba, abin da ya yi ke nan ko da bai yi niyya ba, domin zuciya tana son ganin maganin ya yi aiki. Shi ya sa ma muke koya musu ɓoye sunayen hotuna kafin awo, don kada mai aunawa ya san wanne ne wanne. A rana ta uku kowa yakan kawo nasa hotunan, kuma a ranar ce ake jin labarai marasa daɗi.

Kurakuran da suka fi cin mutane

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini hotunan aikin wata huɗu, tana so ta nuna cewa wani sinadari yana ƙaruwa a hantar ɓeraye bayan an ba su magani. Hotunan gwanin kyau, haske tar. Da muka duba lambobin sai muka ga duk wuraren da take son aunawa sun kai ƙarshen abin da kyamarar ke iya ƙirgawa. Ta ƙara hasken ne don hoton ya yi kyau a ido. Mudu in ya cika, duk abin da aka ƙara zubewa yake yi, ba wanda zai iya gaya maka ko tiya ɗaya aka zuba ko buhu. Babu manhajar da za ta dawo da abin da ya zube. Samfurin kuma ya riga ya dusashe, dole ta sake gwajin daga farko da sababbin dabbobi. Ta fita waje ta yi kukanta ta dawo. Tun daga ranar na sa doka a sashenmu cewa duk mai sabon aiki sai ya zauna da mu kafin ya ɗauki hoto na farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuskure na biyu shi ne adana hoto a tsarin JPEG ko tura shi ta waya. Duk mun san yadda hoton biki yake komawa in ya zaga gidaje ta WhatsApp, fuskoki su dusashe. Dalili shi ne ana matse hoton ana zubar da wasu lambobin don ya yi sauƙin tafiya. A hoton biki ba komai, a hoton bincike kuwa an canza sakamako. Ƙa'ida ita ce a ajiye fayil ɗin asali yadda ya fito daga na'ura, in za a sauya shi a mayar da shi TIFF.

Na uku ya shafi lissafi. Mutum zai auna ƙwaya 10,000 daga ɓera ɗaya ya ce ya yi gwaji sau 10,000. A'a, sau ɗaya ya yi. Wanda ya ɗanɗana miya cokali ɗari daga tukunya ɗaya, labarin tukunya ɗaya ya sani, bai san girkin garin ba.

Kada a ce na faɗi na wasu na ɓoye nawa. A farkon aikina na taɓa rubuta wa wani rukuni jerin umarnin auna jajayen ƙwayoyin jini. Komai ya tafi daidai, na miƙa tebur ina jin daɗi. Wata dattijuwar ma'aikaciyar ɗakin gwaji, wadda ba ta damu da kwamfuta ba, ta duba ta ce jinin mutum ba ya da ƙwaya mai faɗin maikiromita 4. Ashe an ɗauki hotunan da idon madubi mai ninka girma sau 20, ni kuma na gaya wa kwamfuta mai sau 40 ne. Duk tsawon da na auna rabin gaskiya ne, faɗin fili kuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Da ba ta gani ba, da haka za a kai shi gaba. Daga nan na gane cewa horon ba gefe ɗaya ba ne. Injiniyan da bai san abin da yake kallo ba haɗarinsa ɗaya da masanin halittun da bai san lambobi ba.

Batun amana

Akwai kuma inda kuskure yake komawa ha'inci. Tun 2002 mujallar Journal of Cell Biology ta fara bincika hotunan duk maƙalar da za ta buga. Ƙa'idar da ta shimfiɗa, wadda mujallu da yawa suka bi, ita ce ana iya ƙara ko rage haske in an yi wa dukkan hoton bai ɗaya kuma ba a ɓoye komai ba, amma ba a yarda a goge wani abu, ko a matsar da shi, ko a ƙara abin da babu ba. A 2016 Elisabeth Bik, 'yar ƙasar Holan, da abokan aikinta biyu suka wallafa binciken da suka yi a kan maƙaloli 20,621 daga mujallu 40. Sun sami kusan kashi 4 cikin 100 da hotunan da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba, kuma aƙalla rabinsu da alamun ganganci. Abin lura, da idonta ta gano su. Muna gaya wa ɗalibai wannan ne don su san cewa magungunan da za a ba 'ya'yan mutane nan gaba a kan irin waɗannan hotuna ake fara gina su.

Ƙirƙirarriyar basira fa?

Tambayar da ake yawan yi mini yanzu ke nan. Gaskiya ta sauƙaƙa aiki. Manhajar Cellpose, wadda Carsen Stringer da Marius Pachitariu da abokan aikinsu suka fitar a 2020 daga cibiyar Janelia ta jihar Virginia, an horar da ita da sama da siffofi 70,000 da mutane suka zana wa iyaka da hannu. Tana raba ƙwayoyin da suka cunkushe cikin daƙiƙu, aikin da a da yakan ci mana mako. To amma abin da aka nuna mata shi ta sani. In aka ba ta hoton da ya bambanta da irin waɗanda ta koya da su, saboda wani rini daban ko wani madubi daban, tana iya yin kuskure, kuma layukanta za su fito tsaf kamar daidai ne. Saboda haka mataki na shida bai tafi ko'ina ba. Har yanzu muna sa ɗalibi ya ƙirga wasu hotuna da hannu ya gwada da na manhaja kafin ya yarda da ita.

Ina kuma jan hankalin iyalai cewa waɗannan manhajoji na bincike ne, ba a yi su don gano cutar maras lafiya ba. Wanda yaronsa ke zazzaɓi asibiti zai kai shi a yi masa gwaji.

Abin da ya shafe mu

Madubin bincike na zamani kuɗinsa ya fi na gida a garuruwa da yawa, amma nazarin hoton kwamfutar tafi-da-gidanka ta talaka ta isa a fara shi. Fiji tana shiga ƙaramin filashi, tana aiki ba tare da intanet ba. Wannan ɓangare ne na kimiyya da ɗalibi a Kano ko Damagaram ko Kumasi zai iya koyonsa daidai da na Landan, in ya sami mai nuna masa.

An kuma fara motsi. A 2020 an yi taron horo mai suna Imaging Africa a birnin Cape Town, a 2022 kuma aka kafa Africa Microscopy Initiative a jami'ar birnin, domin masu bincike daga ko'ina a nahiyar su sami madubai da horo. A arewacin Nijeriya, Dakta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa da ya yi karatu da aiki a jami'ar Sussex ta Ingila, ya jagoranci kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, inda aka riƙa horar da matasan masu bincike. Wannan misali ne na abin da ɗan ƙasa mazaunin waje zai iya yi.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu ita ce, duk lokacin da muka haɗa kuɗi don aika kayan aiki gida, mu ware wani abu don koyar da wanda zai riƙe su. Na taɓa ziyartar wani ɗakin gwaji a gida na tarar da madubi mai kyamara, kyautar wasu bayin Allah, an lulluɓe shi da leda. Lafiyarsa ƙalau, wanda aka koya wa aiki da shi ne ya bar wurin, ba a koya wa wani ba. Wanda yake da wannan ilimi a cikinmu, in ya je hutu gida ya ba da kwana uku, zai bar abin da ya fi tsaraba daɗewa.

Ga iyaye kuma, na san burin yawancinmu yaro ya zama likita ko lauya. To akwai yaron da yake son ilimin halittu amma ba ya son asibiti, akwai kuma wanda ba ya rabuwa da kwamfuta har ana yi masa faɗa. Irin waɗannan akwai gurbinsu a nan, a jami'o'i da kamfanonin magunguna da masu ƙera madubai. Abin da yaro ke buƙata shi ne ya riƙe lissafi da kyau, ya haɗa da ilimin halittu ko fiziks, ya koyi harshen kwamfuta na Python. Tun yana sakandare zai iya sauke Fiji, akwai hotunan gwaji a cikinta, ya fara ƙirga. Pete Bankhead da na ambata ya rubuta littafin koyon wannan fanni da Turanci, ya sa shi kyauta a intanet, kuma da shi nake fara tura sababbin ɗalibaina.

Ranka ya daɗe, ga amsar tambayarka, da fatan na cika alkawari. Duk ɗan'uwa ko 'yar'uwar da ke da yaro mai sha'awar wannan fanni, ya same ni a taronmu na gaba, zan zo da kwamfutata in nuna masa yadda ake ƙirga na farko. A gaida iyali, sai wani jiƙon.